Baƙo a Bakin Kasko

Tun daga Zariya Sabarino yake maimaita gaisuwar a ransa, leɓɓansa na motsi, har Bilya direba ya zaci addu'a yake yi ya rage ƙarar rediyo. Asalin sunansa Severino, amma bakin mutanenmu ba ya son wahala, kafin ya kwana biyu a ƙasar an gyara masa shi. Mutumin Burazil ne, daga can arewacinsu inda ake daɗewa ba a ga ruwan sama ba. Shekarunsa sun doshi sittin, matarsa ta rasu, 'ya'ya sun kama gabansu, sai ya miƙa kansa ga majami'arsu ya ce a tura shi duk inda ake neman hannu. Aka turo shi wata 'yar ikilisiya ta Hausawa Kirista a Gidan Jatau, wani ƙauye da ke bayan Gubuchi, don ya taya su koyar da karatu da hidimar ranar Lahadi.

Wanda ya je tarbarsa shi ne Baba Istifanus, dattijon ikilisiyar, tsohon malamin firamare, sanye da farar babbar rigar da ba ya fito da ita sai ranar biki. Turancin Sabarino gurgu ne, Hausarsa kuwa ko rarrafe ba ta gama koya ba, don haka sai da suka wuce Maƙarfi kafin ya gane abin da dattijon ke ta ƙoƙarin gaya masa. Ashe zamansa a ƙauyen bai tabbata ba tukuna.

A 'yan shekarun baya an yi wani baƙon mai wa'azi da ya zo daga birni da lasifika, ya saita bakinta ga masallaci, ya faɗi abin da ya ga dama, ya hau motarsa ya tafi. Shi ya tafi, su ya bar su da wutar. Mutanen da kakansu ɗaya suka daina gaisawa, mata suka raba rijiya, sai da aka sha wuya kafin zumunci ya dawo. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun daga ranar mai unguwa Lado ya kafa doka cewa babu baƙon da zai kwana a Gidan Jatau da sunan aikin addini, na coci ne ko na masallaci, sai shi ya gan shi da idonsa ya yarda. In ya ce a'a, motar da ta kawo mutum ita za ta mayar da shi.

“Gaisuwa,” in ji Baba Istifanus, yana ɗaga yatsa irin na malaman makaranta. “Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka gaishe shi a natse. Taubashina ne, tare muka tashi, na san halinsa. Daga gaisuwa yake auna mutum.”

Shi ya sa leɓɓan Sabarino ba su huta ba. Ranka ya daɗe, barka da hutawa, yaya iyali, yaya jama'a, yaya ƙasa. Ya sayar da gidansa kafin ya taso, ya yi sallama da kabarin matarsa. In aka mayar da shi, bai san ma inda zai ce ya koma ba.

Duk da haka ido bai bar kallo ba. Ga faɗin ƙasa shimfiɗe har inda sama ta sauko ta taɓa ta, ga rumbuna cike da dawa, ga Fulani da fararen shanu suna tsallaka titi ba sa ko gaggawa. A ƙasarsu an gaya masa zai zo wurin da babu komai, shi kuwa tun safe bai ga inda babu mutum yana aiki ba. Ya ga rake a fadamu, ya gyaɗa kai kurum, don a garinsu ma ana noma shi, manyan motoci su kwashe su kai kamfani.

Da suka isa, matan zumunta sun taru a ƙofar coci da waƙar maraba. Sun sa ran ganin Bature fari sol, sai ga wani gajeren dattijo wankan tarwaɗa mai furfura ya fito daga mota, wanda in ka sa masa rawani sai ka rantse Buzu ne. Waƙar ta ɗan yi rauni, sannan ta farfaɗo. Bilya ya hau kan mota zai kwance igiyar kaya, Baba Istifanus ya ɗaga masa hannu.

“Bar su a ɗaure, Bilya. Sai mun dawo daga wurin mai unguwa.”

Suka tarar da zauren mai unguwa babu kowa. Wata tsohuwa da ke sheƙar wake a gefe ta ce ai wa zai zauna a zaure ana dahuwar mazarƙwaila, yana fadama tun hantsi. Suka bi 'yar siririyar hanya ta cikin gonaki, Bilya na biye da su don ya ji an ambaci rake.

Ba su kai ga ganin wurin ba ƙamshin ya tare su. Ƙamshi ne mai nauyi, zaƙi-zaƙi da hayaƙi-hayaƙi, irin wanda ke manne wa mutum a maƙogwaro. Sabarino ya tsaya cak. Baba Istifanus ya ce masa wani abu, bai ji ba. Ya ci gaba da tafiya, yana ƙara sauri, har ya wuce wanda ke nuna masa hanya.

Rake ya buɗe, fili ya bayyana. Ga wani jan doki yana zagaye, yana jan doguwar sanda da ke juya ƙarafan matse rake, don duk da maƙwabta sun koma injin mai shan mai, Lado ya ƙi rabuwa da dokinsa. Mutum biyu na zaune suna cusa rake a bakin ƙarafan, ruwan na tsiyaya cikin garwa. Can gefe an haƙa dogon murhu a ƙasa, an ɗora manyan kasake na ƙarfe, ana hura wutar da busasshen raken da aka riga aka matse. Ƙudan zuma na ta shawagi. A ƙasa an jera ƙananan kwanoni sahu-sahu, wasu da mazarƙwailar da ke shan iska, ja jawur. A gindin wani mangwaro kuma, daidai bakin hanya, mai unguwa Lado ne zaune kan tabarma da dattawansa, dogo, mai farin gemu, ya ga baƙin tun daga nesa har ya gyara zama.

Sabarino ya wuce shi. Ya wuce shi da takalmi a ƙafa, ko waiwaye babu, har gefen wandonsa ya kusa shafar tabarmar. Ya nufi murhu kai tsaye ya tsaya a bakin kasko, hawaye na bin kumatunsa.

Abin da babu wanda ya sani a wurin shi ne, a cikin wannan ƙamshin aka haife shi. Ubansa ma haka yake dafa ruwan rake, sai dai shi da shanu biyu yake juya ƙarafansa, kuma a akwatunan katako yake zubawa. Sabarino yana saurayi manyan kamfanoni suka cinye sana'ar a yankinsu, uban ya sayar da shanun, murhu ya mutu, ciyawa ta rufe shi, bai daɗe ba shi ma ya bi. Tun daga lokacin Sabarino ya ɗauka aikin ya ƙare a duniya. Yau ga shi ya ƙetare teku, ya zo ƙasar da bai san kowa ba, ya tarar da murhun ubansa yana ci. Ya ji ya zama ɗan ƙarami ƙwarai a gaban ikon Allah.

Mai kula da dahuwar wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai suna Salman, ya sunkuya yana tura makamashi, bai lura kumfa ta taso a babban kasko za ta zube ba. Hannun Sabarino bai nemi izininsa ba. Ya ɗauki wani ludayi mai dogon mariƙi, ya ɗebo ruwan ya ɗaga sama ya tsiyayo, ya sake, ya sake, kumfar ta kwanta. Sannan ya bi gefe-gefe yana yaɗe dattin da ya taso. Salman ya ɗago zai yi tsawa, ya ga yadda wuyan hannun baƙon ke juyawa, sai ya haɗiye tsawarsa.

“Ikon Allah,” ya ce. “Baba, daga ina?”

A gindin mangwaro kuwa babu mai cewa ikon Allah. Baba Istifanus ya zube gaban tabarma, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige.

“Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Baƙo makaho ne ko da idonsa. Wallahi tun daga Zariya yake haddar gaisuwarka.”

“Makaho ma yana sallama, Istifanus,” in ji Lado, bai ɗaga murya ba. “Wancan na farko da ya zo, ai ya gaishe ni kafin ya yi mana abin da ya yi. Wannan ko gaisuwar ban samu ba. Ka ce wa direbanku kada ya yi nisa.”

Baba Istifanus ya taso, ya zo ya ja hannun rigar Sabarino, ya nuna masa mangwaron. Sai a lokacin Sabarino ya tuna abin da ya kawo shi. Ya dubi takalminsa, ya dubi tabarmar da ya wuce. Ya ajiye ludayi zai ruga ya durƙusa, amma bakin alƙalami ya bushe, don wani ya riga ya ɗaga murya da kiran sallar azahar, mai unguwa ya miƙe ya ɗauki butarsa ya ba su baya. Gaisuwar da aka yi ta hadda ma ya neme ta a kansa ya rasa, ko kalma ɗaya ba ta rage ba.

Aiki ya tsaya. Aka tsayar da doki, masu cusa rake suka karkaɗe jiki, kowa ya nufi randa. Aka shimfiɗa tabarmi da buhuna a inuwa. Mutum ɗaya ne bai motsa ba, Salman. Yana tsaye bakin babban kaskon yana juyawa, amma idonsa na kan masu alwala.

Sabarino ya tambayi Baba Istifanus da 'yar Hausarsa me ya sa wannan bai tafi ba. Dattijon ya amsa a gajarce, don ransa a ɓace yake. Ya ce kasko in ya kusa nuna ba a barinsa, ƙiftawar ido sai ya ƙone, wahalar yini ta tashi a banza. Wani kaskon na sauka wani na hawa, don haka duk lokacin dahuwa Salman shi kaɗai yake sallarsa daga baya, in an sami sarari.

Sabarino ya dubi kaskon. Ruwan ya yi kauri, ya koma ja, ya kusa. Ya san an riga an yanke masa hukunci, nan da an jima yana cikin mota. Bai yi tunanin gyara laifinsa ba, ya san wannan ya wuce gyara. Ya dai ga mutum yana son ya je gaban Ubangijinsa aiki ya riƙe shi, shi kuma ga hannu biyu babu abin da suke yi. Ya miƙa hannu ga ludayin.

“Tafi salla,” ya ce. Ya dafa ƙirjinsa. “Ni, nan.”

Salman ya yi dariya, ya ga baƙon ba wasa yake ba, dariyar ta tsaya. Ya waiwaya wajen mangwaro. Mai unguwa Lado na tsaye, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa, ya ji komai. Ya daɗe yana kallon baƙon.

“Salman, zo ka cika sahu.”

“Ranka ya daɗe, kaskon fa ya kusa.”

“Rakenka ne ko nawa? Zo.”

Salman ya saki ludayin da ƙyar, ya yi alwala a gurguje yana waige, ya shiga ƙarshen sahu kusa da Bilya. Liman ya ta da kabbara.

Wurin ya yi tsit. Filin da ɗazu ke cike da hayaniya babu abin da ake ji sai numfashin doki da tafasar kasko. Sabarino na juyawa, yana kallon bayan mutanen nan, manoma da masu yankan rake da mai unguwarsu, kafaɗa da kafaɗa, ƙafafu duk toka. Suka sunkuya tare, suka kai goshi ƙasa tare. Bai taɓa ganin haka ido da ido ba. Sun juya masa baya gaba ɗayansu, sun bar masa guminsu a hannu, shi da ba su san sunan ubansa ba, shi da ko gaishe su bai yi ba. Abin ya yi masa girma har ya ji tsoro. Ya zo da niyyar ya koya wa mutane, ga shi aikinsa na farko a ƙasar shi ne gadin wuta don wani ya yi sujada. A hankali shi ma ya kama addu'a da harshen uwarsa, hannu bai daina juyi ba.

Sai muryar kaskon ta sauya. Tafasar ta bar ƙananan ƙwayoyi ta koma manya, masu fashewa a hankali, fut, fut. Ubansa yakan ce kunne ke dafa rake, ido rakiya yake yi. Ya ɗiga kaɗan a ƙwaryar ruwan sanyi, ya murza da yatsa, ya dunƙule. Ya nuna, kuma masu salla ba su ko kai rabi ba.

Kaskon ba na mutum ɗaya ba ne. Sanduna biyu ake zurawa a kunnuwansa, mutum biyu su ɗaga. Sabarino ya zura sandunan, ya waiga, babu kowa sai Baba Istifanus da farar rigarsa, mutumin da alli ne abu mafi nauyi da ya saba ɗauka.

“Baba! Zo! Kama!”

Dattijon ya dubi rigarsa sau ɗaya, ya naɗe hannuwanta a kafaɗa, ya kama. Suka ɗaga. Tururi ya rufe musu fuska, ƙafafun Baba Istifanus na rawa, kaskon ya karkata, wani ɗan ruwa ya fallatso ya sauka a damtsen Sabarino. Wanda ya taɓa ƙonewa da ruwan mazarƙwaila ya san ba ya sauka, mannewa yake yana ci. Sabarino ya cije leɓe, bai saki ba, bai kuma yi ƙara ba, don kada ya ɓata wa mutane salla. Suka taka a hankali har bakin wani kasko da ake sanyaya dahuwar a ciki, suka juye. Ya ɗauki muciya ya shiga bugawa, yana yi yana haki.

Ana sallamewa Salman ko addu'a bai tsaya ba, ya taho a guje, mutane na biye. Ya leƙa, ya shinshina, ya lakato da tsinke ya hura ya ɗanɗana. Kowa ya zuba masa ido.

“Ta ɗan fi tamu duhu,” ya ce. “Da ni ne da na sauke kafin haka. Amma ba ta ƙone ba. Wallahi ba ta ƙone ba.”

Aka buɗa wa mai unguwa hanya. Ya dubi kaskon, ya dubi rigar taubashinsa da ta koma kamar an yi dambe da ita a cikin toka, gefen bakinsa ya motsa.

“Istifanus, ashe kana da amfani.”

Sannan ya juyo ga baƙon. Sabarino ya tuɓe takalmi da sauri, ya durƙusa, muciya na hannunsa don ya manta ya ajiye. Ya buɗe baki, ranka ya daɗe ta gudu, yaya jama'a ta gudu. “Sannu,” ya ce, shi ke nan abin da ya fito.

Lado ya kama hannunsa ya juya, ya ga ƙunar ta tashi. Ya sa aka kawo ruwan sanyi aka zuba. Ya ce wa Baba Istifanus ya tambaye shi wa ya koya masa wannan aiki.

“Babana,” in ji Sabarino.

“Yana da rai?”

“Ya rasu.”

“To, ya bar baya.” Mai unguwa ya saki hannun, ya gyara tsayuwa, fuskar nan ta koma yadda take. “Amma gaya masa, ba a gaishe ni da muciya a hannu. Ya wuce ni ɗazu kamar ya wuce kututture, kuma ban manta ba. Gobe da hantsi ya zo zaure ya gaishe ni yadda ake yi. In ba ta yi ba, jibi ya sake. Zan ga ranar da zai iya.”

Maganar ta yi wa Sabarino sauri, bai kama komai ba sai fuskar da ta ɗaure. Ya dubi Baba Istifanus a tsorace, sai ya ga dattijon na share ido da hannun rigarsa mai toka, yana dariya.

“Kai kuma direba,” in ji Lado, “ka tsaya kana shan rakena. Je ka sauke wa mutane kayansu kafin rana ta faɗi.”

Bilya ya yar da guntun raken ya kama hanya. Aka tayar da doki, ƙarafa suka ci gaba da kuka, aka tuttulo sabon ruwa a babban kasko. Matasa suka hau zuba wadda aka sauke a kwanoni tun ba ta daskare ba. Sabarino na nan durƙushe, yana kallon hayaƙin na hawa sama.

Salman ya zo ya tsuguna kusa da shi, ya ɓantaro mazarƙwaila mai ɗumi ya sa masa a tafin hannu. Ya shiga wasa da mariƙin ludayi, kamar mai jin nauyin roƙo. Tun da aka fara dahuwar bana, yau ce rana ta farko da ya tsaya a sahu.

“Baba,” ya ce a hankali, “kana nan har la'asar?”

Sabarino ya ɗago. Tun da ya sauka a ƙasar nan, wannan ce magana ta farko da ya gane daga farkonta har ƙarshe ba tare da an fassara masa ba. Ya miƙe, ya karɓi ludayin.

“Ina nan,” ya ce.